Keken da Aka Ajiye a Sito

Maman Biyu ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. In ta tashi shara, har ƙarƙashin gado sai ya gane kurensa. In ta tashi addu'a, maƙwabta ma sukan ce amin ta bayan katanga, ko don su taimaka mata ta kai ƙarshe. Saboda haka ranar da ta miƙe a coci lokacin ba da shaida, 'yan makonni bayan ɓarin jikin mijinta ya shanye, ba wanda ya zaci ƙaramar magana za ta yi.

Ta juya ta nuna babbar ƙofa da yatsa.

"Kun ga ƙofar can? Baban Biyu zai shigo ta cikinta da ƙafafunsa. Ba a goye ba, ba a kan keke ba. Kafin wannan rana kuwa ba za ku gan shi a nan ba. Allahn da nake bauta wa ba ya barin aiki a hanya."

Coci ya ɗauka da tafi. Mai ganga ya buga, mata suka miƙe, har waɗanda ke gyangyaɗi a bencin baya suka farka suka taya. Fasto kaɗai, wani tsoho mai sanyin magana, ya tsaya yana goge tabarau da gefen rigarsa. Amin ɗinsa ta zo a makare, amma a cikin wannan hayaniya ba wanda ya lura.

Mijin nata a gida ne kawai yake Baban Biyu. A titi kowa Mai Faci yake ce masa. Yana da 'yar rumfa kusa da mararraba, inda ya tsufa yana gyaran kekuna da baro da duk wani abu mai taya. Ran Lahadi kuma sai ya kankare baƙin mai daga faratansa, ya sa farar riga, ya tsaya a gefen hagu na ƙofar coci yana tarbar mutane. Gefen dama na amininsa ne, Dogo. Shi gajere mai faɗi, Dogo siriri har sai ya sunkuya zai shiga ƙofa, don haka yara suka sa musu turmi da taɓarya. Sunan bai taɓa ɓata musu rai ba, su da kansu suke kiran juna da shi.

Yana cikin ba wata taya iska ciwon ya kayar da shi. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama da ƙafar dama sun tafi, harshe ya yi nauyi, magana sai ya haƙo ta ɗaya-ɗaya. Dattawan coci suka haɗa kai suka kawo masa keken guragu sabo fil, da ledarsa. Maman Biyu ta tarbe su da fara'a, ta ba su ruwa, ta yi godiya har bakin ƙofa. Suna juya baya ta tura keken can ƙarshen tsakar gida, cikin sito, inda ta riga ta zube akwatin kayan aikinsa. Ta lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, ta ɗora masa fasasshen baho, ta jawo ƙofa. A wurinta, ɗora mutum a kan wannan abu daidai yake da ce wa Allah ka bar shi, mun haƙura.

Kada a ɗauki alhakinta, ba mugunta ba ce. Matar nan tana son mijinta, kuma jikinsa shaida ne. Kullum da sassafe sai ta ɗaga shi, ta yi masa wanka, ta shafe shi da mai, ta miƙar da ƙafar ta lanƙwasa kamar yadda aka nuna mata a asibiti. Duk daɗewar da ya yi a kwance, ko ƙurji ɗaya bai fito masa a baya ba. In ta gama sai ta durƙusa, ta riƙe matacciyar ƙafar da hannu biyu, ta yi mata addu'a har gumi ya karyo mata. Daga nan ta jera masa ruwa da abinci da rediyo da fo a inda hannun hagu zai kai, ta wuce gidan burodin da take aiki. Gadonsa na jikin taga, tagar kuma ba abin da take kallo sai katangar maƙwabci da igiyar shanya. Tagwayen nasu suna can nesa wurin aiki. In sun bugo waya, amsarta ɗaya ce: "Babanku yana samun sauƙi, saura kaɗan."

Sau ɗaya ya gwada. Tana ɗaure ɗankwali za ta fita, ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Ke... ke."

Ta ɗauka ita yake kira, ta juyo. Ya nuna wajen sito da haɓa, ya sake cewa, "Keken."

Ta zo ta dafa bakinsa a hankali, kamar mai taɓa goshin yaro mai zazzaɓi. "Kada ka furta, Baban Biyu. Mun ƙi shi a cikin sunan Yesu. Kai da ƙafarka za ka fita."

Shi da ma can ba mutum ne mai musu ba, balle yanzu da kalma ɗaya ke cinye masa numfashi. Bai sake tayar da zancen ba.

Fasto yakan zo jifa-jifa ya kawo masa jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, a ɗan akwati. Wata rana da ta rako shi zaure, tsohon ya tsaya yana neman takalminsa fiye da yadda ya kamata.

"Maman Biyu, jiki fa yana son rana. Ko bakin ƙofa ne, ya ga mutane. Keken nan da dattawa suka kawo..."

"Baba Fasto, da bakinka ka koya mana kada mu yi zuciya biyu."

"Na koya muku."

"To, a gaban bagaden coci na faɗi maganar nan. Matan zumuntar coci da ni suke misali. Wadda ɗanta ya ɓata, wadda ba ta samu haihuwa ba, duk sukan ce ku dubi Maman Biyu. In na janye, me zan ce musu?"

"Shi ɗin kin tambaye shi?"

"Ni da shi ai abu ɗaya ne."

Fasto ya sa takalminsa ya tafi. Ta san ba ta faɗa masa duka ba. Akwai kunya, gaskiya ne, don magana zarar bunu ce. Amma abin da ya fi kunyar girma tsoro ne. Gani take ita kaɗai ce ta rage riƙe da bakin igiya, in ta sassauta ko sau ɗaya, shi ke nan an rufe zancen ƙafafun mijinta a sama da ƙasa.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zagayowa. Masu zuwa dubiya suka ragu, kamar yadda suka saba raguwa, sai Dogo. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci zai sunkuyo ɗakin ya zauna a bakin gado, ya kwashe labarin ƙofa ya zuba wa amininsa: wa ya makara, wa ya shigo da sabon takalmi yana ɗingishi, wane yaro ya haɗiye kuɗin da aka ba shi ya sa a baikon coci. Mai Faci ya yi ta dariya da rabin baki har hawaye su zubo.

"Maman Biyu, ki ba ni aron turmina mana," in ji Dogo. "Goya shi zan yi, wa zai sani? In an tambaya in ce ƙusumbi ya fito mini."

"Taɓarya, ka kiyaye ni," takan ce tana dariya. Amma dariyar ba ta taɓa buɗe ƙofar sito ba.

Sai ga shi Dogon ne ya riga tafiya. Ciwon 'yan kwanaki, aka wayi gari babu shi. Ranar jana'iza Maman Biyu ta shirya cikin baƙaƙen kaya, ta zo ta yi wa mijinta sallama. Ya kama gefen zaninta da hannun hagu, ya riƙe gam.

"Kai ni."

Ta zauna a bakin gadon ta yi kuka na gaske, don ita ma mutuwar ta dake ta. Ta ce ya yi haƙuri. Ta ce wannan gwaji ne, Shaiɗan ya san nasara ta kusa, shi ya sa. Ta ɓamɓare yatsunsa daga zaninta ɗaya bayan ɗaya, ta sumbaci hannun, ta fita. Da ta dawo da la'asar ta tarar da abincin yadda ta bar shi, shi kuma ya juya fuskarsa bango. Daga ɗakin ana jin ƙararrawar coci sarai, kuma ranar an daɗe ana kaɗa ta.

Bayan wannan ne ta fara ganin alamu. Za ta yi wanki, sai ta ga wandonsa ya yi ƙura a kwatangwalon hagu, zaren wurin har ya fara saki. Wata rana ta ga gwiwar hannunsa ta ɗaye. Wata rana labulen ƙofa ya goce daga inda ta bar shi, ruwan da ta ajiye ya ƙare tas, shi kuma yana barcin gajiya irin na wanda ya yi noma. Ta tsaya da wandon a hannu. Mutum yana kwance a gado, ina zai samo ƙura? Sai dai in tashi yake yi. Tashi yake yi ya faɗi, ya sake tashi, yana ɓoye mata don ya ba ta mamaki!

Mai jiran baƙo, ko iska ce ta taɓa ƙofa sai ya amsa sallama. Har baƙin da ta gani a ƙarƙashin faratansa, da ɗan warin giris da hancinta ya jiyo, ta sama musu gurbi: ta ce sana'ar shekara da shekaru ba ta barin jiki. Ba ta tambaye shi ba, kada ta ɓata masa shiri. Sai ta kai labarin taron zumuntar mata da zafinsa.

"Ya fara tashi! Ga wandon nan, ku duba da idonku!"

Aka yi ta miƙa wando hannu zuwa hannu. Aka yi waƙa, aka yi rawa, wadda ba ta samu haihuwa ba ta rungume ta tana kuka. Da Maman Biyu ta koma gida ta zaro takalminsa na Lahadi, ta goge shi har yana ɗaukar ido, ta ajiye a gaban gado inda zai riƙa gani. Ya dubi takalmin, ya dube ta, ya lumshe ido.

Aikinta a gidan burodi sa burodi a leda ne. Su huɗu a dogon tebur, tire yana fitowa daga murhu, su jira ya sha iska, su zura, su ɗaure, su jera. Wata safiya injin kwaɓin fulawa ya yi wata irin ƙara ya tsaya cak, wari ya tashi. Makanike ya zo ya leƙa, ya ce sai an nemo wani ƙarfe, yau dai babu aiki. Manaja ya sallami kowa tun hantsi, ya ba su burodin da gefensa ya ƙone su tafi da shi. Maman Biyu ta kama hanyar gida tana lissafin wankin da za ta rage.

Ta shiga ɗaki da sallama, ta ga gado wayam.

Burodin ya suɓuce daga hannunta. Ta ɗaga hannu sama, ta buɗe baki za ta ƙwala halleluya da unguwa duka za ta ji. Sai idonta ya faɗa kan takalmin, yana nan inda ta ajiye shi. Ta dubi ƙasa. Daga bakin gado wani sawu ya tashi, mai faɗi, kamar an ja buhu. Ya fita ƙofa, ya ratsa simintin tsakar gida, ya kewaye bakin famfo inda ƙasa ta jiƙe, ya nufi sito. Ƙofar siton a buɗe take, kuma daga ciki wani ɗan sauti ke fitowa, tik-tik-tik, wanda ta sani tun tana amarya.

Yana zaune a ƙasa, ya jingina da buhun gawayi, matacciyar ƙafar ta karkace a gefe kamar ba tasa ba. An sauke baho, an yaye tabarma. Keken yana kwance a gefensa, taya ɗaya a sama tana juyawa, shi kuma ya kanne ido ɗaya yana bin bakinta da kallo, ya ga ko ta miƙe. Sifana a hannun hagu, tsumma a haƙora. Akwatin kayan aikinsa a buɗe, komai a jere yadda yake jerawa a rumfa. Abin da ya daskarar da ita fuskarsa ce. Rabonta da ganin wannan fuska tun kafin ya faɗi.

Ya gan ta. Ya sa tafin hannu ya tsayar da tayar, ya tofar da tsumman.

"Baban Biyu," ta ce, da wata murya da ba ta san tana da ita ba. "Da me ka zo nan?"

Ya daki kwatangwalonsa na hagu. "Da wannan."

"Tun yaushe?"

"Tun Dogo." Ya numfasa, ya nuna wayoyin tayar. "Tsatsa... ta ci su. Ba kyau. A bar taya haka."

Ta dubi keken. Rabonta da shi tun ranar da ta lulluɓe shi, kuma a lissafinta ya ci a ce ya ruɓe. Ga shi ƙarfen yana ƙyalli, tayoyin sun sha iska, an sa wa birki mai. Da hannu ɗaya aka yi wannan, da haƙori. Kuma kullum sai an mayar da tabarma da baho, a ja jiki a koma gado kafin ta dawo.

"Ni ina can ina gaya wa duniya ka fara tashi. Har wandonka na kai zumunta."

"Na ji."

"Ka ji, kuma ka yi shiru?"

"Kina murna," ya ce. "Kin daɗe... ba ki yi ba."

Ta zauna a ƙasan siton, cikin garin gawayi, da kayan aikinta a jiki. Amma Maman Biyu ce, ko a ƙasa sai ta gwada ƙarfinta.

"In na ɗora ka a kan abin nan, na ce wa Allah ya bari ke nan. Duk azumin nan, duk addu'ar nan, a banza? Ka ƙara haƙuri kaɗan, Baban Biyu. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Ya daɗe yana tattara maganar. Ta ga jijiyar wuyansa tana motsi.

"Mutumin nan. Da aka zuro ta rufi... a gaban Yesu. Da ƙafa ya zo?"

Ta san labarin kamar yunwar cikinta. Ta sha koya wa yara shi, har da kwaikwayon yadda abokan suka fasa rufin.

"Ɗauko shi aka yi," ta ce.

"To."

"Amma ai ya tashi. Da ƙafarsa ya koma gida."

"Shi ya tashi. Ni... ban sani ba. Na Mai shi ne." Ya goge yawun da ya zubo masa a gefen baki. "Ni ma ina so. Kullum ina roƙo. Amma in bai ba ni ba fa? A ɗaki zan mutu?"

Ta laluba ko'ina a cikinta, inda ayoyi suka saba tsayawa a jere suna jiran ta kira su, ba ta samu ko ɗaya da za ta jefe shi da ita ba. Abin da ta samu fushi ne, kuma ba da mijinta take yi ba. Ta yi wa Allah duk abin da ta san ana yi. Ta ba shi lokaci, ta ba shi ƙofa, ta tara masa shaidu, abin da ya rage kawai ya zo ya cika. Bai zo ba. Yanzu da ta jera su haka a ranta, sai ta ji yadda suke: ita ce ta tsara aikin, ta miƙa masa ya yi. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta ji ba ko a gaban Fasto.

Ta sunkuyar da kai. Addu'ar da ta yi a wurin ita ce mafi gajarta a rayuwarta, ko ɓeran siton bai ji ta ba.

"Ubangiji, na gaji da koya maka aikinka. Ga shi nan, naka ne. Yadda ka so."

Ta jira ta ji wani abu, ko sanyi ko haske. Ba ta ji komai ba sai zafin siminti da ƙaiƙayin gawayi. Can sai mijinta ya miƙo mata gefen tayar.

"Riƙe nan," ya ce. "Noti ɗaya... ya ƙi ni."

Ta riƙe, ya ɗaure. Suka tayar da keken. Ta sa hannu a hammatarsa yadda take yi kowace safiya, ta ɗaga shi ta zaunar. Ta tura shi zuwa bakin famfo ta dawo, tayoyin ko ƙis ba su yi ba. Ya nuna ƙofar gida, ta buɗe. Suka tsaya a nan har rana ta take, yana kallon masu wucewa, duk keken da ya gifta sai ya bi tayarsa da ido.

Tura keke a tsakar gida abu ne mai sauƙi. Lahadi ce aikin. Tun ranar Asabar ta goge farar rigarsa har sau biyu don hannunta ya samu abin yi. Da safe ta shirya shi tsaf. Ta tsaya tana kallon takalmin nan da ta goge don wata rana dabam, sannan ta durƙusa ta sa masa shi.

Hanyar coci ba ta da nisa, amma ba ta taɓa lura da yawan ramukanta ba sai yau. Shi ke ba da umarni da hannu: nan, can, a hankali. Suka wuce mararraba. Rumfarsa tana nan, wani mai sayar da cajar waya ya gaje ta. Mai shayin da ke gefe ya ɗago kai, ya saki ludayi.

"Mai Faci! Ashe kana duniya? Wallahi wasu cewa suka yi an kai ka ƙauye, wasu ma suka ce..." Ya haɗiye sauran, ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu.

Maman Biyu ta gaishe shi, ta ci gaba da turi. Maganar da ya haɗiye ta fi wadda ya faɗa yi mata ciwo.

A gindin matakalar coci keken ya tsaya. Ta gwada ɗaga gaba, ta kasa. Ta ga matan zumunta a gefe, waɗanda suka yi rawa da wandon nan, kowace ta samu abin kallo a ƙasa. Ba wanda ya manta abin da ta faɗa a kan ƙofar nan, ita ma ta san ba a manta ba. Sai wasu maza daga cikin mawaƙa suka ajiye littattafansu suka zo, biyu nan biyu can, suka ɗaga shi da keken gaba ɗaya suka haye.

Za ta wuce da shi gaba, inda ta saba zama kusa da bagade, ya damƙe taya da hannun hagu.

"Nan," ya ce.

Gefen hagu na ƙofa ne. Ta gyara masa zama, ta taka birki, ta tsaya a bayansa. Masu shigowa suka fara miƙo hannu, yana karɓa da hagu, ba wanda ya damu. Cikinsu sai ga matar Dogo, har yanzu da baƙin mayafi. Ta tsaya turus. Ya riƙe hannunta, bakinsa ya yi ta rawa kafin maganar ta fito.

"Ya... haƙuri?"

Gaisuwar ta makara da watanni, amma matar ta amsa kamar jiya aka yi rasuwar. "Haƙuri sai godiya." Ta share ido da bakin mayafi. "Ka san har ya kwanta bai yarda kowa ya tsaya a nan ba? An sha kawo masa mataimaki, sai ya ce a'a, wurin turmi ne, yana zuwa."

Maman Biyu tana riƙe da hannun keken, ta ji kowace kalma. Ba abin da za ta iya gyarawa a ciki.

Da lokacin shaida ya yi, Fasto ya tambaya ko akwai mai magana. Ta ɗaga hannu daga can bakin ƙofa. Kawuna suka juyo, mai ganga ya gyara zama don ya san halinta.

"Na ce muku sai da ƙafafunsa," ta ce. "Ni na faɗa, ba Allah ba. Bai tashi ba, kuma ban san ko zai tashi ba. Ga shi dai na kawo shi."

Mai ganga ya rasa inda zai buga. Ba tafi, ba waƙa. Daga kan bagade muryar Fasto ta fito ita kaɗai, wannan karon kafin ta kowa: "Amin."

Washegari ta tashi yadda ta saba. Ta yi masa wanka, ta shafa mai, ta miƙar da ƙafa ta lanƙwasa. Ta zaunar da shi a keke, ta tura shi inuwar ƙofar gida, ta ajiye masa ruwa da rediyo da akwatin kayan aikinsa a gefen hagu. An gyara injin, manaja kuma ba ya son makara. Ta ɗaure ɗankwali, ta ce sai ta dawo.

"Maman Biyu," ya kira ta. "Kin manta."

Ta duba ruwa, ta duba rediyo. "Me na manta?"

Ya nuna ƙafar damansa. "Ba ki yi mata ba yau."

"Ai na ɗauka mun bar wa Allah."

"Mun bar masa," ya ce. "Ba mu daina... roƙo ba."

Ta ajiye jakarta. A nan bakin titi, masu tafiya aiki suna wucewa, ta durƙusa ta riƙe ƙafar da hannu biyu kamar kullum. Ta roƙa, da dukan zuciyarta, sai dai ba ta faɗi rana ba, ba ta nuna ƙofa ba. Kafin ta kai amin wani ya tsaya a gefensu da keke, tayar baya a kwance, yana jiran su gama. Ranar ta makara a wurin aiki.